Silin Ɗakin Hajiya Rabi

Shekaranjiya da la'asar, a wajen mai shayin nan na gindin benenmu a International City, na ji ɗayanku yana ba 'yan'uwansa labarin sana'ata. Wai aikin Baba Garba aikin 'yan gata ne: ka saɓi bututun ƙarfe, ka shiga gida mai sanyin esi, ka murɗa sau biyu, ka ba idonka abinci, ka fito. Madalla da wannan ilimi. Shekara goma sha shida ina kafa sandar rawa a gidajen Dubai, ashe a banza na yi ta zufa, da tun farko wajenku na zo kun koya mini a kan kofin shayi ɗaya. To tunda kun iya, ku gyara zama in cika muku ɗan abin da ya rage, kada wata rana ku karya 'yar mutane ku ce tsautsayi ne.

Ga wanda bai taɓa gani ba, sandar rawa ƙarfe ce doguwa da ake tsayarwa daga ƙasa zuwa silin. Mutum ya kama ta ya hau, ya juya, ya rataye, wani lokacin kai a ƙasa ƙafa a sama. Na san inda tunaninku ya tafi, ku dawo da shi. Yawancin masu kirana mata ne da suka gaji da injin gudu, ma'aikatan asibiti, ma'aikatan jirgi, iyayen 'ya'ya uku da huɗu, suna neman ƙarfin hannu da na ciki a cikin ɗakinsu ba tare da kowa ya gan su ba. Wanda ya raina abin ya je ya ɗaga gangar jikinsa da hannu biyu ya tsaya minti ɗaya, sannan ya dawo mu yi magana.

Aikina na farko a wani filat ne a hawa na ashirin, gidan wata Baturiya. Ni mai walda ne daga Kano, ƙofofi da tagogi na sani, na zo garin nan na shekara biyu ina dakon kago, wato kwalayen kayan 'yan kasuwa, a Al Ras kafin wani tsoho mutumin Kerala ya ɗauke ni. Usta muke ce masa, wato maigida a sana'a, ban taɓa kiran sunansa ba. Muna shiga na zaro dirilar huda bango ina ta rawar jiki, in nuna masa ba baƙon ƙarfe ba ne ni. Ya karɓe ta ya mayar jaka, ya shiga banɗakin matar ya fito da sandar moka, abin goge ƙasa, ya miƙo mini, ya nuna sama. Wata shida aikina ke nan, ƙwanƙwasa silin ɗin mutane da sandar moka. Ni da na bar mata da 'ya'ya a Kano ana cewa ina Dubai ina aikin injiniya.

Sai daga baya na gane abin da yake so in ji. Masu gidajen haya a nan ba sa yarda a huda musu silin, don haka yawancin sandunan tokare su ake yi: faifai a ƙasa, faifai a sama, ka murɗa har ta danne sama da ƙasa da ƙarfi. To silin ɗin Dubai iri biyu ne, kuma fenti ɗaya ake shafa musu. Akwai kankare na gaske. Akwai kuma jifsam, farin allon nan da ake rufe bututun esi da wayoyi da shi, wanda ƙarfinsa bai fi na biskit ba. In ka ƙwanƙwasa kankare, amsa gajere zai ba ka ya yi shiru. Jifsam kuwa sai ya amsa kamar ganga. Yanzu akwai wata 'yar na'ura mai ƙara da kuke yawo da ita kuna kara wa bango, na gwada ta, ta taɓa nuna mini kankare a jikin labule.

Usta ba shi da kunya ko ta sisin kwabo a bakin aiki. Zai dubi mace ya tambaye ta kilo nawa ce kamar yana tambayar ƙarfe nawa. In ya gama kafawa, sai ya tattare zaninsa ya ɗare sandar da kansa, ya yi lilo, ya fizge ta hagu da dama. In mai sandar ta fi shi nauyi, sai ya goya jakar sifanu a baya ya ƙara hawa, in bai kai ba ya sa ni. Ya ce duk sandar da wanda ya fi mai ita nauyi bai gwada ba, ba a gama kafa ta ba. Ranar farko da na ga tsoho mai furfura yana juyi a kan ƙarfe, fita na yi waje na yi dariyata har da hawaye. Ban san ni ma haka zan tsufa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ta taɓa kirana a nan bayanmu, wai sandarta ta lalace, ba ta riƙuwa. Na je na tarar ta sayo ta a babbar kasuwar 'yan Sin ɗin nan don ta ga araha, mai kaurin milimita hamsin, ita kuma hannunta bai fi na 'yar firamare ba. Yatsunta ko rabin zagayen ba su kai ba. Tun daga ranar nake yawo da guntayen bututu uku a jaka, arba'in, arba'in da biyar, hamsin, in miƙa wa mace ta damƙe da kanta ta ji wanda ya zauna mata a hannu. Yawanci arba'in da biyar ake ɗauka. Waccan sandar ma ko da kaurin ya yi daidai ba zan kafa ta ba, don mahaɗarta ta tsakiya roba ce aka shafa wa ruwan azurfa. Irinta an yi ta ne don a tsaya kusa da ita a ɗauki hoto.

Sai kuma jikin ƙarfen. Kowa kurom yake so saboda yana walƙiya, amma da zarar tafin hannu ya jiƙe da zufa sai santsi, kuma garin nan ko a cikin esi zufa ba ta neman izini. Tagulla ta fi riƙo. Sitenles na masu fatar da kurom ke sa wa ƙaiƙayi ne. Akwai kuma mai rigar roba, wadda ake hawa da dogon wando da riga mai dogon hannu, don sauran duk sai fata ta taɓa ƙarfe suke riƙewa. Matanmu suna da tasu matsalar daban. Wata 'yar Maraɗi ta kira ni tana faɗa, wai na sayar mata da jabu, tana kamawa tana sulalowa. Na je na shafa sandar, hannuna ya fito da ƙamshin humra da man kaɗanya har na kwana biyu. Na ce mata sandar lafiyarta ƙalau, sai dai ta zaɓa, ko shafa mai bayan motsa jiki, ko zama a ƙasa.

Duk wannan na san shi kamar sunana kafin shekarar kullen annoba ta zo. Usta ya riga ya koma ƙasarsu, ni kaɗai nake aikina. Da aka rufe wuraren motsa jiki kowa ya so sanda a gida, sai ku ce kakata ta yanke saƙa. Ina! Duk wanda ke da waya da sifana ya zama gwani, irinku, ana aiko wa mutane sanda a kwali su kafa da kansu suna kallon bidiyo. Na yi wata biyu ban taɓa ƙarfe ba. Ana cikin haka Alhaji Sani ya kira ni, wani babban mai shadda a Al Sabkha da na sani tun ina dako.

"Malam Garba, wani ɗan aiki ne," in ji shi. "Wancan ƙarfen."

"Wane ƙarfe, Alhaji?"

"Wanda kake yi mana. Na motsa jiki. Iyali ne ke so. Likita ne ya ce, wallahi likita ne."

Ban tambaye shi wanda ya ce ba. Ashe matarsa Hajiya Rabi tana fama da ciwon suga da na baya, ta shekara tana zuwa wani aji na mata zalla a Deira, abin ya karɓe ta, sugan ya sauka, sai ga kulle. Na kwashi sanduna biyu na tafi. A bakin ƙofar filat ya tare ni.

"A ɗakin Hajiya za a sa, ka san kuma ba shiga. Ka nuna mini kawai, ni zan ɗaura."

Na ce to tsayin ɗakin fa? Ya ce yadi uku ba kaɗan, ya auna da sandar awon shaddarsa. Wannan kam na yarda, mai shadda ba ya kuskuren yadi sai in ya ga dama. Na ce silin ɗin fa?

"Kankare ne, habibi. Gidan nan ko bam ba ya ji."

Saura tambaya ɗaya, ta nauyi. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na tambayi Turawa, na tambayi Larabawa, na tambayi 'yan Habasha ba tare da na ƙifta ido ba, amma in dubi Bakano ɗan'uwana in ce Alhaji matarka kilo nawa ce? Na haɗiye. Sandar moka tana hannuna, ɗakin bai fi taku goma ba, ban shiga ba. Ya zaɓi kurom don ta fi kyau a ido, na tsaya a baranda na koya masa murɗawa a minti biyar, irin karatun da kuka ce shi ne sana'ar duka.

Kwana goma sha tara ta yi a tsaye. Jifsam haka yake, ba ya faɗuwa ranar farko, a hankali yake lotsawa. Hajiya tana can sama ta saki hannu ɗaya, faifan ya burma cikin silin, sandar ta kwanta da ita. Wuyan hannunta ya karye gida biyu, kanta kuma da kaɗan ya kuskure bakin gado.

Kafin sati labarin ya zagaye zaurukan matanmu na waya, daga Deira har Kano. Garba mai karya mata, sunan da aka sa mini ke nan. Alhaji bai gaya wa kowa shi ya ɗaura da hannunsa ba, to ya ce wa abokan kasuwa me? Ni ma ban faɗa ba, don ban ga abin da zai wanke ni a ciki ba. Shi bai san bambancin kankare da jifsam ba, ni na sani. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma na tsorata, don saura ƙiris a ce gawa aka ɗauko daga ƙarƙashin ƙarfena. Aiki ya tsaya cak. Mai gadin benen ya gaya wa masu gadin wasu benaye, har waɗanda ba Hausawa ba suka daina kira. Na koma dakon kago a Al Ras ina da shekara hamsin da biyu, yaran da na girme wa iyayensu suna ce mini Baba ɗauki ƙaramin kwalin. Na fara tambayar kuɗin tikitin Kano.

Bayan wata bakwai wata baƙuwar lamba ta kira ni da hantsi.

"Malam Garba? Ni ce wadda ka karya."

Na rasa abin cewa sai ina wuni, da safe.

"Gobe bayan azahar ka zo da kayan aikinka duka," ta ce, ta kashe.

Na je. Alhaji ya buɗe ƙofa, fuska ba yabo ba fallasa. Hajiya Rabi tana tsaye a bayansa cikin dogon hijabi, mace mai jiki, ga tabon ɗinki a wuyan hannunta na dama. Ranar na fara ganinta. Alhaji ya soma cewa in ba shi sandar moka ya shiga ya ƙwanƙwasa ina saurare daga nan, ta katse shi.

"Alhaji, likitan da ya ɗaure hannun nan namiji ne. Masu gyaran silin su uku duk maza, kwana biyu suna cikin ɗakin har da shan shayi. Sai wanda zai hana ni faɗowa ne ba zai shiga ba?" Ta juyo wajena. "Kilona tamanin da takwas. Ka rubuta, tunda an ce kunya ta hana ka tambaya."

Na sunkuyar da kai. Ta ce sugan ya koma inda yake, kuma tun ranar ko sandar labule ta gani sai gabanta ya faɗi. In ba ta koma kan abin nan yanzu ba, ta san ba za ta ƙara komawa ba.

"In na hau na sauko lafiya, da bakin da aka ɓata ka da shi zan wanke ka. In kuma na sake faɗowa, ka nemi jirgi."

Na shiga ɗakin na ƙwanƙwasa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ganga. Ɗakin yara, ganga. Baranda, kicin, duk ganga. Na dawo falo, gefe-gefe ganga, ina zuwa tsakiya sandar moka ta ce ƙwal, ta yi shiru. Na sake bugawa. Kankare ne, faɗinsa ya ishi mutum ya juya da ƙafa a miƙe, kamu biyu daga fitilar ado, daidai gaban kujerar da Alhaji ke zama in 'yan kasuwa sun zo daga gida.

"Nan ne kawai, Alhaji."

"A falo? La'ilaha illallahu! Nan nake saukar baƙi, Malam Garba. Mutanen kasuwar Kwari su zo su tarar da wannan a tsakar falona?"

Ya ce ba akwai mai gindi ba, wadda ba ta taɓa sama? Na ce akwai, amma tana ɗan rawa in an hau, kuma wadda ta taɓa faɗowa ba a fara mata da abin da ke motsi. Ya ce to a sa katako mai faɗi a silin ɗin ɗaki, a murɗa shwaiya shwaiya, a hankali, ai ba kullum ake faɗowa ba. Ba zan ɓoye muku ba, saura kaɗan in yarda. Aikin nan shi ne kaɗai hanyar da ta rage mini, kuma katakon zai iya riƙewa wata shida, wataƙila shekara. Sai na durƙusa na fara mayar da kaya jaka.

"Ranka ya daɗe, ko nan, ko babu. Na ji kunyarka sau ɗaya, ga sakamakon a hannun Hajiya."

Hajiya ta kafa masa ido. Ya cire hula ya share goshi, ya mayar.

"Khalas, shi ke nan. Kafa."

Na miƙa mata guntayen bututuna uku, ta damƙe da hannun da ya karye, ta ɗauki arba'in da biyar. Na ba ta mai rigar roba, don ta ce da dogon wando da riga take yi, abin da da na tambaya tun farko da ban ba mijinta kurom ba. Na kafa, na duba da ma'aunin ruwa ta fuska huɗu, na ɗaure. Na goya jakar sifanu na hau na yi lilona. Amma ni kilona sittin da bakwai, jakar goma sha biyu, ban kai ba. Na sauko na dubi Alhaji, wanda ko a ido ya haura ɗari.

"Ni?" ya ce.

"Ƙa'idar aikin ce, Alhaji. Sai wanda ya fi mai ita nauyi ya gwada."

"Yalla, Alhaji," in ji Hajiya. "Ai kai ka ce ko bam ba ya ji."

Ya tattare jallabiya, ya yi bismilla, ya rungume sandar ya ɗaga ƙafa. Na riga na kwance makullin da ke hana sandar juyawa, ban kuma ga dalilin gaya masa ba. Ta kwashe shi ta zagaya da shi sau uku, hula ta yi wajen talabijin, yana ta salati yana a tsayar da shi. Na kafa ido a faifan sama, ko gezau bai yi ba.

Daga nan muka fita waje ni da shi, Hajiya ta rufe ƙofa ta murza makulli. Muka tsaya a gaban lif kamar masu jiran sakamakon asibiti. Shiru. Minti biyu, minti biyar, ba motsi. Na ce a raina ta kasa, kuma ban ga laifinta ba. Alhaji ya kama hannun rigata bai ma san ya kama ba, bakinsa yana motsi. Can sai na ji ƙarar boris ɗin sandar tana juyawa, siririya, wadda kunnen da bai saba ba ba zai ji ba. Zagaye ɗaya. Biyu. Uku. Sai ta tsaya, aka sake yin shiru, ni kuma ina jiran ƙarar faɗuwar da na yi wata bakwai ina ji a kaina. Makulli ya motsa.

"Alhaji," ta ce daga ciki, tana haki, "shigo da Malam Garba ya sha ruwa. Silin ɗinka yana nan."

Alhaji ya saki rigata ya juya wajen lif yana gyara hular da ba ta kansa. Ni ma ban dube shi ba.

Ta cika alkawari. Kafin wata ya ƙare wayata ta dawo da rai, kuma har yau matanmu in sun kira, kafin in gama sallama sun faɗi kilonsu. Sandar tana nan a tsakiyar falon. In baƙi za su zo Alhaji yakan rataya mata babbar riga, ya ce tokari ne mai gidan ya sa saboda ginin ya tsufa, mutanen Kwari kuma su yi ta jajanta masa tsadar haya a gidan da ke neman rushewa.

To wannan shi ne kallon matan da nake yi. Shekara goma sha shida, a bayan ƙofa nake tsayawa, ina sauraron ko wani abu zai faɗo. Wanda har yanzu yake ganin aikin 'yan gata ne a cikinku, ya same ni gobe da safe a tashar bas. Kada ya wahalar da kansa da dirila, ya zo da sandar moka.